Malam Aminu Kano: Haƙƙin Talaka Tsakanin Fada da Shari'a

Duk wanda ya san ƙasar Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa a Jihar Kano, ya san ƙasa ce da gona ke manne da gona, babu saura balle daji. Abin da magidanci ya gada wurin ubansa shi zai raba wa 'ya'yansa, kullum fegin sai ƙara tsukewa yake yi. A irin wannan ƙasa, a zamanin mulkin En'e, kaka takan zo da murna da fargaba a lokaci guda. Da zarar an cire gyaɗa an ɗaure gero, sai mai unguwa ya fara zagaye, bayansa akwai dagaci, bayan dagaci hakimi, bayan hakimi Sarki, can ƙarshe kuma Razdan. Haraji ake nema, kuma kuɗi ake so, ba dami ba. Wanda ya biya a ba shi takarda ya adana kamar laya. Wanda ya kasa kuwa, ko dai ya sayar da akuyarsa, ko ya jinginar da gonarsa, ko ya sha rana a ƙofar dagaci, ko ya sulale cin rani. Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari shi ma jangali na jiransa a kan kowace saniya.

Kowa ya san wannan manomi yana jin zafin abin. Tambayar da ta fi damuna ita ce, shin yana da haƙƙin ya kira abin da ake yi masa zalunci? In kuwa yana da shi, wa ya ba shi? Domin tun yana yaro abin da kunnensa ya saba ji shi ne sarauta daga Allah take, haƙuri kuma shi ne rabon talaka. Malamin da ke yi masa wa'azi da alƙalin da zai yi masa shari'a, mafi yawansu a inuwar fada suke shan iska. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen amsa wannan tambaya shi ne marigayi Malam Aminu Kano, kuma amsar tasa daga cikin littattafan da masu mulkin ke tinƙaho da su ya ciro ta.

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali, daga zuriyar Gyanawa, gidan Fulanin da aka sani da fiƙihu da alƙalanci a Kano. Mahaifiyarsa Rakiya ita ce ta fara ɗora shi a kan allo, da ta rasu yana ɗan shekara shida sai kakarsa Halima ta ci gaba da karantar da shi. Na tsaya a kan wannan asali ne da gangan, saboda waɗanda daga baya suka riƙa yi masa kallon ɗan bokon da ya kwaso aƙidar Turawa sun manta da gidan da ya fito. Yaron da ya tashi a gidan muhuti ya san yadda ake shigar da ƙara, ya san abin da littafi ya ce game da shaida da rantsuwa, kuma ba zai rasa sanin yadda hukunci ke karkata ba idan mai ƙara ko wanda ake ƙara yana da uwa a gindin murhu.

Ya yi firamare a Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma ƙulla abota da mutumin da ya fi kowa tasiri a kan tunaninsa, wato Malam Sa'adu Zungur. Sa'adu malami ne na gaske a fannin Larabci da addini, mai kaifin harshe, marar tsoron sarauta. A majalisar tattaunawar da 'yan boko suka kafa a Bauchi, su biyun suka riƙa jefa tambayoyin da ba a saba ji a gaban manya ba, har muhawara ta kai ga albashin sarakuna da tsarin mulkin En'e kansa, aka rufe majalisar. A 1946 Malam ya sami gurbin ƙaro ilimi na shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, inda ya ga yadda 'ya'yan leburori ke zama ministoci a gwamnatin jam'iyyar Leba. Da ya dawo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, a lokacin da mai ilimi irin nasa in ya kwantar da kai, babu muƙamin da ya fi ƙarfinsa a Arewa.

Kafin ya bar aikin, ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas sun kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam ba ya cikin jerin sunayen domin har lokacin ma'aikaci ne, amma ba a daɗe ba ragamar ta dawo hannunsa, ya zama shugabanta a 1953. Takardar manufofin da suka fitar, wadda aka sani da sanarwar Sawaba, ta raba al'ummar Arewa gida biyu: masu riƙe da mulkin En'e da talakawan da ake mulka, ta kuma ce 'yancin talaka aikin talaka ne da kansa. Wannan harshe, babu musu, akwai ƙanshin littattafan gurguzu a cikinsa. To amma ba da shi Malam yake magana da manomi a dandalin kasuwa ba. Da manomi, zancen Shehu Usmanu da Malam Abdullahin Gwandu yake yi.

A nan ne, a ganina, hikimarsa take, kuma a nan ne haɗarinsa ga fada yake. Sarakunan Arewa ba su da wata hujjar zama a karaga da ta wuce jihadin 1804 da tutar da kakanninsu suka karɓo daga hannun Shehu. To Shehun nan ya bar rubutu. A Kitabul Farƙi ya jera abubuwan da suka bambanta mulkin adalci da mulkin sarakunan da ya yaƙa, kuma cikin abubuwan da ya zarga har da jangali da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a sami biyan buƙata, da karɓe kayan mutane a kasuwa, da gadon sarauta ta hanyar rinjaye ba tare da shawara ba, da zuba ƙasa a ka yayin gaida sarki. Mai karatu ya sake duba wannan jeri, ya kwatanta shi da rayuwar manomin Zakirai a 1950. Kusan babu abin da ya ɓace, sai ma Bature da aka ƙara a sama. Saboda haka duk lokacin da ɗan NEPU ya ƙi tuɓe takalmi ya faɗi a gaban hakimi, ko ya ƙi zuwa noman gandun sarauta kyauta, yana iya cewa bai zo da sabon abu ba, karatun Shehu ya bi.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa alaƙarsa da Kano ta musamman ce. Tun jihadi bai ƙare ba ya ga yadda wasu abokan tafiya suka karkata ga neman mulki da tara dukiya, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano aka tare shi aka roƙe shi ya tsaya ya karantar, ya yi musu tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ke bayyana haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba da alƙali. Kafin shi da shekara fiye da ɗari uku, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarakuna, yana ta nanata illar shugaba ya ɓuya wa talakawansa. Ashe ke nan Kano ba baƙuwar wannan magana ba ce. Abin da Malam Aminu ya yi shi ne ya fito da ita daga zauren malamai, inda ake karanta ta da Larabci a rufe littafi a tashi, ya kai ta bakin kasuwa da Hausar da mai tallar goro zai gane.

Su ma ɗaya ɓangaren ba su rasa hujja ba, kuma adalci ne a faɗe ta. Malaman da ke tare da fada da jam'iyyar NPC sun dogara da ayar nan ta Suratun Nisa'i da ta yi umarni da biyayya ga Allah da ManzonSa da majiɓinta al'amari, da kuma maganar malaman Sunna cewa fitina ta fi zaluncin shugaba muni. Sun ce kuɗin harajin nan da shi ake gina makaranta da asibiti da rijiya, kuma akwai gaskiya a ciki. Sun kuma nuna yadda wasu samarin NEPU ke zagin dattawa a waƙa da lacca, abin da tarbiyyar Bahaushe ba ta yarda da shi ba, shari'a ma ba ta yarda ba. Ni kaina ban ga yadda za a wanke kowane ɗan NEPU daga wannan ba. Sai dai duk ɗalibin tafsiri ya san ayar da ke gaban ayar biyayya, wato ta 58, da masu mulki take magana: su mayar da amana ga masu ita, su yi hukunci da adalci. Ibnu Taimiyya a kan waɗannan ayoyi biyu ya gina littafinsa na siyasar shari'a, ta farko a wuyan shugaba, ta biyu a wuyan talaka. Abin da aka yi a Arewa shi ne aka riƙa karanta wa talaka tasa da ƙarfi, ta shugaba kuma a karanta ta a zuci.

Inda rikicin ya fi tsanani shi ne kotu. A tsarin En'e, Sarki ne ke naɗa alƙali, baitulmalin En'e ke biyansa albashi, 'yan doka da dogarai da gidan yari duk na En'e ne, Sarki kuma yana da tasa majalisar shari'a wadda ta fi ta kowane alƙali ƙarfi, har hukuncin kisa tana yankewa. Da siyasar jam'iyyu ta zo, sai ya zamana En'e da NPC ɗan juma ne da ɗan jummai. Hakimin da zai ba da izinin taro shi ne uban jam'iyyar hamayyarka a gunduma; in ka yi taron ba izini, ɗan dokarsa zai kama ka, alƙalinsa ya ɗaure ka. An ɗaure 'yan NEPU bila adadin da laifin lacca ba izini, ko zagin sarki, ko tayar da hankali, an yi wa wasu bulala a bainar jama'a, wasu an ƙara musu haraji da gangan har suka bar garuruwansu. Kuma duk wannan da sunan shari'ar Musulunci ake yin sa. Wannan shi ne abin da ya fi ci wa Malam rai: talaka ya shiga kotu yana ganin gaban shari'ar Allah ya zo, ya fito da tabon bulalar siyasa, ya rasa wanda zai zarga. In ya zargi alƙali a ce ya zargi shari'a, in ya yi shiru zalunci ya zauna daram.

Matsayin Malam a kan wannan bai canza ba tsawon rayuwarsa: a raba alƙali da fada, a ba shi ilimi da 'yanci, a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, Sarki ya daina zama mai ƙara kuma mai hukunci. Abokan hamayya suka fassara wannan da ƙin shari'a. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe kuwa, sai abin nema ya samu, aka shiga gaya wa mutanen karkara cewa 'yan Sawaba sun haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba don su rushe gadon Shehu. Tambaya ce ta gaske, ko ya halatta Musulmi ya haɗa hannu da wanda ba addininsu ɗaya ba don neman adalci daga ɗan'uwansa Musulmi. Amma masu yin ta ba amsa suke nema ba, domin bayan zaɓen 1959 ita kanta NPC da wannan NCNC ɗin ta kafa gwamnatin tarayya, ba a kuma ji fatawar ta sake fitowa ba.

Ta fuskar ƙuri'a, Malam ya sha ƙasa fiye da yadda ya ci. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutane kashi goma cikin ɗari a matakin ƙarshe, aka wayi gari babu ɗan NEPU ko ɗaya a majalisar Kaduna daga Kano. A 1953 aka ga ɓullar ƙungiyar 'yan daba da ake kira Mahaukata, waɗanda aikinsu shi ne tarwatsa taron 'yan Sawaba. A 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, ya kayar da Malam a zaɓen majalisar tarayya; a 1956 Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi a na majalisar jihar Arewa. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Ikko.

Batun mata shi ne wurin da ya fi yin nisa da mutanen zamaninsa, har da wasu magoya bayansa. A lokacin da matan kudu ke jefa ƙuri'a, NPC ta tsaya kai da fata cewa addini da al'ada ba su yarda matan Arewa su yi ba. Malam ya ce Shehu da kansa ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u malama ce da ta karantar da mata har ƙauyuka. NEPU ta buɗe reshen mata, Hajiya Gambo Sawaba ta jagorance shi, ta kuma biya farashi mai tsada, domin ana lissafa ɗaurin da ta sha har sau 16. Tun farkon shekarun 1950 Malam ya sa hannu wajen kafa makarantar Islamiyya a Kano, mai aji da allon bango da darasin Larabci, maza da mata, abin da a lokacin wasu suka ɗauka bidi'a ce. Matan Arewa ba su sami jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekara 16 bayan samun 'yancin kai, kuma soja ne suka ba su.

Gyaran kotunan ma ba ta hannun NEPU ya zo kai tsaye ba, ko da yake kukanta na cikin abin da ya jawo shi. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da wasu manyan Arewa. Daga shawararsu aka samar da kundin Final Kod wanda ya fara aiki a 1960, aka rubuta laifuka da hukuncinsu a takarda. Sai dai alƙalin yana nan a hannun En'e, don haka ɗaurin siyasa bai tsaya ba. A nan kuma akwai abin da masu sukar Malam ke riƙe da shi, kuma ban ga laifinsu ba: saboda ƙawancen NEPU da NCNC, ya karɓi muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisar tarayya, wato yana zaune a layi ɗaya da NPC a Ikko alhali magoya bayansa na cika gidajen yarin En'e a Arewa. Masu kare shi suna cewa zaman ya ba shi murya a ciki da wajen ƙasa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ya wakilci Nijeriya. Wataƙila haka ne. Amma ɗan Sawabar da ke fasa dutse a gidan yari yana da damar ya ga abin da wani ido daban.

Bayan juyin mulkin 1966 ne aka yi abin da ya shekara goma sha biyar yana kira. Dokar kotunan yanki ta 1967 ta fitar da alƙalai daga hannun En'e ta mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, aka soke kotunan sarakuna, aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya. Shi kuma Malam ya shiga gwamnatin Janar Gowon a matsayin Kwamishinan Sadarwa daga 1967, sannan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Shekara bakwai yana riƙe da manyan ma'aikatu, har cikin zamanin da kuɗin man fetur ya fara malala, ya fito bai gina gidan sama ba. Ko abokan gabansa ba su taɓa jifan sa da wannan ba.

A 1978, a Majalisar Tsara Tsarin Mulki, aka yi taƙaddama mai zafi a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, har wakilan da ke goyon bayanta suka fice daga zauren a watan Afrilu. Malam Aminu yana cikin masu goyon bayan. Wasu 'yan boko masu ra'ayin sauyi sun ga kamar ya yi amai ya lashe: yaya mutumin da ya yaƙi kotunan alƙalai zai dawo yana neman a ƙara musu hawa? Ni kuwa a nan nake ganin zaren bai tsinke ba. Bai taɓa cewa a raba Musulmi da shari'arsa ba. Cewa ya yi a ƙwace ta daga hannun wanda ya mayar da ita sandar duka. Kotun ɗaukaka ƙara kuwa ita ce mafakar wanda alƙalin ƙasa ya zalunta. Matar da aka danne wa gado a ƙauye ita ta fi kowa buƙatar a ce akwai wani alƙali sama da wanda ya yi mata hukunci.

Bari in ɗan ratse. Lokacin da jihohin Arewa suka faɗaɗa aiki da shari'a, Zamfara a 1999, Kano a 2000, talakawa ne suka cika filayen ƙaddamarwa, kuma abin da ya kai su shi ne ƙishirwar adalcin da Malam ya yi ta magana a kai. A watan Maris na 2000 aka yanke wa wani mutum hannu a Zamfara saboda satar saniya. Gwamnonin da suka sa hannu a kan dokokin kuwa, sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ba su kariya daga gurfana gaban kowace kotu muddin suna kan kujera. Babu babin da ya ba shugaba irin wannan kariya a Risala ko Muhtasar. Ba ni da ikon cewa ga abin da Malam zai faɗa da yana raye, amma wanda ya karanta tarihinsa ya san wace tambaya zai fara yi.

Da aka buɗe fagen siyasa a 1978, ya fara zama da waɗanda suka kafa NPN, da ya ga inda aka dosa sai ya janye ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Abin dariya, mutumin da ya yi rayuwarsa yana yaƙi da harajin talaka saura ƙiris hukumar zaɓe ta FEDECO ta hana shi takara a kan batun takardun biyan haraji, sai da kotu ta wanke shi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya sami ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da 'yan kai, kimanin kashi goma cikin ɗari, ya zo na huɗu. Amma a Jihar Kano ya yi rinjayen da ya hana Alhaji Shehu Shagari samun kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ya haifar da shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku. PRP ta ci gwamna a Kano da Kaduna. A watan Oktoba na 1979, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Kakar wannan shekara, manomin Zakirai ya ɗaure geronsa mai unguwa bai zo da takarda ba. Tun daga sanarwar Sawaba, shekara 29 ke nan.

Daɗin bai daɗe ba. Cikin 1980 jam'iyyar ta dare biyu a kan halartar gwamnonin nan biyu taron gwamnonin jam'iyyun hamayya, wanda uwar jam'iyya ta hana su. Ɓangaren gwamnoni aka kira shi Santsi, na Malam kuma Taɓo. Matasan Santsi suka ce tsufa ya sa Malam sassauci, yana neman sasantawa da NPN da sarakuna. 'Yan Taɓo suka ce yaran da Malam ya ɗora a kujera sun ɗanɗana mulki sun manta mafari. Aka koma zagi a waƙa da lacca, irin wanda a da ake yi wa fada, yanzu kuma ɗan Sawaba ke yi wa ɗan Sawaba. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a Kano, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. Har yau dattawan da suka ga wannan zamani ba su daidaita a kan wa ya fi laifi ba. Abin da nake iya cewa shi ne, Malam ya koya wa talaka ya tambayi Sarki hujja, amma bai samu ya gina jam'iyyar da za a tambayi jagora hujja a cikinta ba tare da ta tsage ba, kuma wani kaso na wannan yana wuyansa.

Duk da haka bai bar abin da ya saba ba. Yana tafsiri da azumi a gidansa na Gwammaja, ƙofarsa a buɗe ga mai ƙara da mai neman taimako, farar riga da jar hula. Ya sake shirin takarar 1983, ya kuma ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa. Bai ga zaɓen ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Lahadi, 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a cikin gidan nasa, wanda daga baya ya zama Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Allah Ya jiƙansa da rahama. A watan Agusta ɗan takarar Taɓo, Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ya kayar da Rimi wanda ya koma NPP. Ranar 31 ga Disamba soja suka karɓe mulki, kuma cikin 1984 gwamnatocin soja na jihohin Arewa suka fara dawo da harajin kai da jangali, wani wuri da sunansu na da, wani wuri da sunan kuɗin raya ƙasa.